Yaro Mai Galahanga da Ganye a Kwanon Makaranta: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yara masu galahanga, wato lalurar da likitoci ke kira otizim, da yadda cin ganye da kayan lambu ke gagarar su, musamman a makaranta. Mun zaɓi guda shida. Ita kalmar galahanga ba ta kwanta mana sosai ba, don a bakin mutane takan haɗa lalurori da yawa da ba ruwan wata da wata, amma da yake ita aka fi sani, da ita za mu tafi.

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 7, yana aji biyu na firamare, kuma an tabbatar mana a asibiti yana da galahanga. Abincinsa bai wuce kala biyar ba: farar shinkafa da mai, Indomie, burodi, awara da soyayyen dankalin Turawa. Na zuba masa dafaduka mai karas da kabeji a kula, ya dawo mini da ita yadda na zuba, ya yini da yunwa. Kakarsa ta ce sangarta ce, in an bar shi da yunwa zai ci. Haka ne? — Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam. Maganar kaka gaskiya ce a kan yawancin yara, sai dai ba ta hau kan naki ba. Yaron da sangarta ke sa shi zaɓen abinci, da yunwa ta ci shi zai sauko. Mai galahanga kuwa yana iya yini ya kwana bai sa komai a baki ba, wani har ruwa ya rage sha, domin ba gardama ce ke hana shi ba. Yadda jikinsa ke jin wari da ɗanɗano da taɓi ne ya bambanta da namu. Warin dafaffen kabeji da mu ba ma ko lura da shi, shi yana iya cika masa hanci har zuciyarsa ta tashi. Ɗan zaren alayyahu a kan harshe kuma ya ji shi kamar gashi ne ya shiga bakinsa. Wasunsu ma ba sa gane yunwa da wuri, sai dai a ga sun fara rigima ba dalili. Abin ya daɗe da sanuwa: tun a 1943 likitan nan na Amurka, Leo Kanner, da ya bayyana lalurar a jikin yara 11, ya rubuta cewa da dama cikinsu sun sha wahalar cin abinci tun suna ƙanana.

Ganye ya fi komai wuya ne saboda ba ya cika alƙawari. Burodin gida ɗaya, na yau da na gobe duk ɗaya ne. Tumatir kuwa na yau zaƙi, na gobe tsami. Karas yau ƙaras-ƙaras, gobe ya dahu luguf. Shi kuma yaron hankalinsa ba ya kwanciya sai da abin da ba ya canzawa. Ki ɗora da halin ganyayenmu: kuɓewa da karkashi da lalo yauƙi, rama da yakuwa tsami, shuwaka da gauta ɗaci. Dafaduka ta zo ta haɗa masa komai wuri guda, launin shinkafar ya sauya, kowace loma daban da wadda ta gabace ta. Daga farar shinkafa zuwa dafaduka tsalle ne mai nisa ƙwarai.

Ki sake duba abincin nan biyar da kika lissafa, don su za su nuna miki hanya. Kusan duk farare ne ko masu hasken launi, ba miya, ba haɗi, biyu daga ciki soyayyu. To a nemi kayan lambun da ya fi kama da su, a matsa kaɗan-kaɗan. Daga soyayyen dankalin Turawa a koma dankalin Hausa fari, a yanka shi daidai tsawo da kaurin wancan, a soya a mai iri ɗaya, gishiri iri ɗaya. In ya karɓa ya saba, a kawo dankalin Hausa mai jan ciki. Daga nan karas, shi ma a yanka shi dogo-dogo a soya. Daga baya a gwada gasasshiyar kabewa a wannan yankan. A kowane mataki abu ɗaya tak ake canzawa: ko launi, ko ɗanɗano, ko yanka. In aka canza biyu a tare, yawanci nan tafiyar ke tsayawa.

Kular makaranta kuwa, ki zuba masa abin da kika san zai ci, ya ƙoshi. Yaro mai jin yunwa ba ya karatu, ba ya kuma gwada sabon abu. Sabon abin ki sa shi a ɗan kwano daban mai murfinsa, yanka biyu kacal, don kada warinsa ya kama shinkafar. In ya dawo da shi bai taɓa ba, kada ki ce komai. Gobe ki sake sawa.

Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta. Ɗalibaina 24, cikinsu akwai yarinya mai galahanga 'yar shekara 6. Da an fita tara sai ta ɗauki burodinta ta shige ƙarƙashin tebur. Mahaifiyarta ta roƙe ni in taimaka ta fara cin kayan lambu. Minti 30 ne hutun, ni kaɗai ce a ajin. Ta ina zan fara? — Wata malama daga Zariya

Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara da ƙarƙashin teburin nan, ganye ya biyo baya. Yarinyar tana gaya miki cewa wurin ya yi mata yawa: ƙararrawa, ihun yara, jan kujeru, warin kuloli 23 da aka buɗe lokaci ɗaya. Wanda ke cikin wannan hali burinsa ya tsira, ba ya da sararin gwada karas. Ki ware mata wurin zama guda wanda ba ya canzawa, a gefen aji kusa da taga, bayanta na jingine da bango don kada a riƙa wucewa ta bayanta. Ƙafafunta su taka ƙasa. In kujerar ta yi mata tsawo a sa mata bulo ko ɗan akwati, domin yaron da ƙafarsa ke lilo hankalinsa na kan riƙe jikinsa. In hali ya yi, ta fara ci minti 5 kafin a kaɗa ƙararrawa. In tana da abin toshe kunne, a bar ta da shi. Ki ba wannan mako guda ko biyu, har ta riƙa cin burodinta a kan tebur cikin natsuwa. Wannan kaɗai ba ƙaramin aiki ba ne.

Sannan ku zauna da mahaifiyarta ku zaɓi kayan lambu ɗaya. Ɗaya, ba uku ba. A yarinyar da ke son busasshen abu, kokwamba da aka fere aka cire 'ya'yan ko karas da aka yanka siriri sun fi dafaffen ganye sauƙi. Kullum uwar ta yanka shi yanka iri ɗaya, ta sa a kwano iri ɗaya.

Ki nemi ɗan faranti na daban, ki ce masa farantin gwaji. Abin da ke kansa ba dole ba ne a ci shi, kuma ki faɗa mata haka a fili. Daga nan akwai tsani da za ta hau, kuma haɗiya ita ce matakala ta ƙarshe. Da farko ta yarda farantin ya zauna a ƙarshen teburinta. Sannan ya matso kusa da abincinta. Sannan ta taɓa shi da cokali, ta tura shi ko ta ɗebe shi ta zuba a wani kwano. Sannan da yatsa. Sannan ta ɗauka ta shinshina. Sannan ta taɓa shi a leɓe, ta lasa, ta sa haƙori ta bar shaida. Sannan ta gutsira ta tofar, kuma ki ajiye mata kofi ko takarda ta tofarwa, don yaron da ya san yana da damar fitarwa ya fi saurin sawa a baki. Sai tauna da haɗiya. Gutsuren farko kada ya wuce ƙwayar shinkafa. In ya zauna, ƙwayar wake. Sannan rabin cokalin shayi, sannan cokali guda.

Minti 5 ya isa, a farkon hutu, kwana uku zuwa biyar a mako. Da lokacin ya cika a ɗauke farantin ta ci abincinta, ko ta yi abin da aka nema ko ba ta yi ba. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin komai: burodinta ba lada ba ne da za a riƙe sai ta lasa kokwamba. Ba a hawa matakala ta gaba sai ta yi ta yanzu kwana uku a jere ba kuka, ba kau da kai, ba yunƙurin amai. In ta yi yunƙurin amai, kada ki firgita ki kuma nuna a fuska; ki ba ta ruwa, gobe ku koma matakala ɗaya baya. Bincike a kan yara gaba ɗaya ya nuna sabon abinci kan buƙaci a gabatar da shi sau 8 zuwa 15 kafin a karɓe shi. A mai galahanga ki sa ran fiye da haka, har ninki. In an yi mako shida ana tsaye wuri ɗaya, a canza kayan lambun, ba yarinyar ce ta gaza ba, zaɓin ne bai dace ba.

Magana kuma a taƙaita ta. "Ci mana", "ɗan ɗanɗana", "don Allah ko sau ɗaya" duk matsi ne, ko da an faɗe su da murmushi. Ki ɗauki naki yankan ki ci a gabanta, ki ce "yana da sanyi", "yana ƙara in an tauna", shi ke nan. Kati mai hoto biyu yana taimakawa sosai ga wadda magana ba ta zauna mata ba: hoton farantin gwaji a farko, hoton burodi a bayansa, ta san abin da ke tafe da kuma inda zai ƙare. Ki zaunar da yaro ɗaya ko biyu masu sanyin hali kusa da ita, su ma da nasu yankan, ba tare da an ce musu su lallashe ta ba. Ganin sa'o'i suna ci abu ne da makaranta ta fi gida samu, kuma yana aiki in ba a mai da shi wasan kallo ba. Ranar da ta fara lasa, kada a sa aji tafi. Tafin mutum 23 yana iya sa ta daina har wata guda. "Kin lasa kokwamba", a hankali, ya wadatar.

Ki ware littafi ɗan 20, kullum layi ɗaya: kwanan wata, abin da aka kawo, matakalar da ta kai, da wani abin da ya faru daban, kamar an canza mata wuri ko ba ta yi barci ba. Littafin ya riƙa zuwa gida yana dawowa. Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne a gida ana kan lasa, a makaranta wani ya ce ta haɗiye. Ko ranar da ba kya nan wata malama ta zo ta ce yau sai ta cinye. Saboda haka hedimasta da duk mai shiga ajin su san tsarin. Kuma kada ki yi mamaki in an dawo daga dogon hutu kin tarar ta koma baya. Hawan na biyu ya fi na farko sauri.

Matata ta riƙa zuba garin zogale a miyar ɗanmu a ɓoye, don ya samu amfanin ganye. Kwana huɗu ya gane. Yanzu ya daina cin tuwon gaba ɗaya, ko a gida ko wanda ake kai masa makaranta, alhali da shi ne abincinsa. Yaya za mu yi? — Wani uba daga Maraɗi

Malam, an je neman ƙiba an samo rama, amma abin yana gyaruwa, kuma uwargida niyyarta mai kyau ce. Yau ɗin nan a daina zuba komai. A koma miyar yadda take a da, tukunyarta, kayan haɗinta, har kwanon da ya saba. A kira shi madafa ya ga ana haɗawa daga farko har a sauke, in zai yarda ya zuba gishirin da hannunsa. A ajiye masa tuwon kusa da wani abincin da yake ci, ba a ce masa komai ba. Wani yaron kwana kaɗan yake dawowa, wani sai an yi makonni, domin amanar kwanon ce ta karye.

Garin zogale kusan shi ne mafi munin abin ɓoyewa: yana canza launi, yana da wari, yana barin gari-gari a harshe. Yaran nan kuwa suna gane canjin da babba ba zai taɓa ji ba, har canjin kamfanin man gyaɗa. In ana son ƙara wa miya amfani, a bi launi. Dafaffiyar kabewa ko karas da aka markaɗa suka yi sumul suna shiga jar miya ba su tayar da hankali ba. A fara da kwatan cokalin shayi a ludayi ɗaya, a riƙe haka kwana huɗu ko biyar, sannan rabin cokali, sannan cokali. A yi shi a kwano na biyu, na asalin yana gefe ba a taɓa shi ba, kuma in yaron yana fahimtar magana a gaya masa: wannan miyarka ce, wannan kuma mai kabewa ce. Ga yaron da abincinsa bai wuce kala uku ko huɗu ba, ba ma ba da shawarar a taɓa ko ɗaya daga ciki, don in ya bar shi ba abin da zai maye gurbinsa.

Wani abin da iyaye ke mantawa: in miyar da yake ci ta kuka ce, ai ganye yake ci. Haka ɗanwake, da kuka ake kwaɓa shi. Yaron da ya karɓi miyar kuka ya fi kusa da busasshiyar kuɓewa fiye da kwaɗon zogale, sai a bi ta nan.

Ni nake dafa wa yara abinci a wata firamare. Tukunya ɗaya ce, ranar shinkafa da wake akan yanka alayyahu a ciki, ranar fate kuma rama. Akwai yara biyu masu galahanga da ba sa karɓar kwanon sam. Ba ni da halin yi musu girki daban. — Wata mai dafa abinci daga Gusau

Hajiya, ba sai kin ɗora tukunya ta biyu ba. Bayan gwamnatin Najeriya ta fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016 masu dafa abinci sun sha fama da wannan, don an tsara abincin ne a kan kowa ya ci iri ɗaya. Dabarar tana wajen lokacin zuba ganye. Kafin ki zuba alayyahun, ki kwashe kwano biyu na shinkafa da wake zalla ki rufe. Ganyen kuma ki ɗebi cokali ɗaya ki turara shi daban, ki sa musu a murfin kwano ko ɗan faranti, kada ya taɓa shinkafar, kada ruwansa ya gangara cikinta. Ga yawancin yaran nan, abincin da ganye ya taɓa ya riga ya ɓaci, tsince shi ba ya gyara komai. Ludayin da ya shiga mai ganye ma kada ya shiga nasu.

Fate ya fi wuya, don shi komai a cakuɗe yake kuma ga tsamin rama. A ranar fate a bar iyaye su kawo musu nasu, makaranta kuma ta yarda da haka ba tare da an mai da shi abin magana ba.

Kada ki bar ganye ya daɗe a wuta. Alayyahu minti 3 zuwa 4 ya ishe shi. In ya wuce haka ya caɓe, ya yi duhu, warinsa ya ƙaru, amfaninsa ya ragu. Kabeji ma in ya daɗe a wuta ne yake fitar da warin nan da ke korar yara. Ɗan mai ko manja a jikin ganye da karas yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A. Abin da za a ci ɗanye, kamar kokwamba da karas, a wanke da ruwa mai tsabta sosai sannan a fere. Ga yaron da bai kai shekara 5 ba, ko wanda ba ya tauna da kyau, ko mai cusa abinci ya cika kumatu, kada a ba shi ɗanyen karas da aka yanka ƙwaya-ƙwaya kamar kwabo, yana iya shaƙe shi. A goga shi ko a ɗan turara a yanka dogo siriri. Dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, balle a zafin bazara. In za ki yi kwaɗo, ki tambayi iyaye ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba kafin ƙuli-ƙuli ya shiga.

Malamin ɗana ya ce ba zai fita wasa ba sai ya cinye ganyensa. Ni kuma ina ba shi alawa in ya ci. Ƙanwar babansa ta ce a yi masa ɗura kawai. Wa ke da gaskiya? — Wata uwa daga Jos

Ɗura kam a'a, ko sau ɗaya. Toshe wa yaro hanci a danna masa abinci yana iya sa ya ƙware abincin ya faɗa huhu, ya jawo ciwon huhu ko abin da ya fi haka. Ko an tsira daga wannan, yaron ya koyi cewa cokali abin tsoro ne, sai a yi wata da watanni ana gyara ɓarnar minti biyu. Hana shi wasa ma horo ne a kan abin da ba da gangan yake yi ba, kuma sau da yawa wasan ne ke sauke masa gajiyar aji. Ki samu malamin cikin mutunci, ki nuna masa amsar da muka ba malama daga Zariya.

Lada tana da wurinta, amma alawa ba ta cikin masu kyau: tana ƙosar da shi, tana kuma koya masa cewa ganye wahala ce da ake biya. Ki duba abin da ransa ke so, minti 2 da motarsa, ko jera murafen kwalba, ko tauraro a kati. A ba shi nan take, kuma a kan matakalar da yake kai, ko da taɓawa ce da yatsa. In makarantar na da fili, a ba shi aikin ban ruwa a ɗan lambu. Alayyahu yana isa yanka cikin mako huɗu zuwa shida, kuma yaron da ya shuka, ya tsinka, ya wanke, ya riga ya hau rabin tsanin bai sani ba.

'Yata shekararta 8, ba ta cin ganye ko kaɗan sai lemu da mangwaro. Nawa ya kamata ta ci a rana? Kuma a kemis an ba ni maganin sa cin abinci, wata kuma ta ce in hana ta alkama da madara za ta warke. — Wata uwa daga Kumasi

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2023, ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga 10 zuwa sama giram 400. Ga 'yarki, kusan lemu ɗaya, yankan gwanda ko mangwaro, karas ɗaya da ludayin miyar ganye ke nan. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Wannan inda aka dosa ne, kada ki sa shi ma'aunin kowace rana ki hana kanki barci. Kuma lemu da mangwaron nan ba ƙaramin rufin asiri ba ne: lemu na ba ta bitamin C, mangwaro na ba ta bitamin A. Ki riƙe su da kyau, ki nemi gwanda ko goba ta riƙa sabawa da su tun kafin mangwaro ya wuce. Abin da za ki sa wa ido shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini: wake, nama, hanta, ƙwai. Ki haɗa su da lemun, ki kuma raba su da shayi, don shayi na rage shigarsa jiki.

Maganin sa cin abinci ki ajiye shi sai likita ya gan ta. Wasu irinsa suna sa barci da kasala, kuma in ya yi aiki ma, abin da ta saba ci za ta ƙara ci, ba zai sa ta so alayyahu ba. Hana alkama da madara kuwa ba a samu hujja mai ƙarfi cewa yana magance galahanga ba. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a yi amfani da irin wannan hani don magance ainihin alamomin lalurar. A yarinyar da abincinta ya riga ya yi kaɗan, cire burodi da madara ragi ne a kan ragi, sai fa in likita ya gwada ya ga jikinta ba ya karɓar su.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ramewa, ko nauyi ya tsaya wata da watanni. Abinci ya gaza kala 20 kuma yana ƙara raguwa. Dasashi na zubar da jini, ko ciwon ƙafa har yaro ya ƙi takawa, wanda ƙarancin bitamin C ke kawowa bayan wata ɗaya zuwa uku babu shi, kuma an sha ganinsa a yara masu galahanga. Dundumi, wato rashin gani da magariba, alamar ƙarancin bitamin A. Fari a tafin hannu da cikin ido, da saurin gajiya. Cin ƙasa, alli ko takarda. Tari ko ƙwarewa a duk lokacin cin abinci. Sai biyu da aka fi yin sakaci da su: taurin bayan gida da ciwon haƙori. Yaron da ya kwana uku bai yi bayan gida ba cikinsa a cike yake, wanda kuma haƙorinsa ya rube ba zai tauna karas ba, kuma in ba ya magana ba zai faɗa ba. Sau da yawa da an magance waɗannan biyun cin abincin ke buɗewa. In tana shan wani magani na yau da kullum, ki ambata shi, don wasu na rage cin abinci wasu na ƙara shi.

Tun 2013 likitoci suka ware tsananin ƙin abinci irin wannan a matsayin lalura mai zaman kanta, da suke taƙaita sunanta da ARFID, saboda haka ba za a ce kin kawo ƙaramar magana ba. Ki nemi sashen yara na babban asibiti, a nan Kumasi akwai asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Masu karatu a Najeriya kuma akwai irinsu asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki roƙi a auna nauyinta da tsawonta, a duba jininta, a haɗa ki da masanin abinci mai gina jiki. Kafin ki je, ki rubuta duk abin da ta ci da abin da ta sha na kwana uku, biyu na makaranta ɗaya na hutu, da awon kowanne da cokali ko ludayi, da ranakun da ta yi bayan gida. Ki tafi da katin rigakafinta da kwalbar maganin da aka ba ki a kemis.